Yadda ake zuwa bikin kamun kifi na Argungu daga Kano

Kamun kifin da jama'a ke tururuwa zuwa Argungu saboda shi bai cika wuce awa ɗaya ba. A harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin ruwan Matan Fada, kafin rana ta take an fara ciccibo manyan kifaye zuwa ma'auni, taro ya fara watsewa. Tafiyar kuwa daga Kano ta kai kilomita 600, wani lokaci ta ɗara, gwargwadon hanyar da aka bi. Wanda ya yi sakaci da lissafin lokaci zai iya cin wannan doguwar hanya ya iso ya tarar ana wanke ƙafa. Saboda haka shirin zuwa Argungu shiri ne na sa'o'i: yaushe za ka bar Kano, ina rana za ta faɗi maka, ƙarfe nawa za ka kasance a bakin ruwa.

Fara da tabbatar da rana

Bikin ba shi da tsayayyar rana kamar 1 ga Oktoba. An saba yinsa tsakanin watan Fabrairu da Maris, lokacin da ruwan gulbi ya ja baya har mutum zai iya shiga da ƙafa a mafi yawan wurare, kuma kwana huɗu ake yi, babban kamun kifin ya zo a ranar ƙarshe. Gwamnatin Jihar Kebbi da masarautar Argungu ne ke sanar da ranakun. Kada ka dogara da cewa bara an yi, bana ma za a yi. Bayan na 2009 sai da aka shafe shekara goma ba a yi ba, aka dawo da shi a watan Maris na 2020. A 2006 kuma an yi taron amma an hana shiga kamun kifin saboda ruwa ya yi ƙasa ƙwarai. Idan azumi ya faɗo cikin waɗannan watanni, akan matsar da ranar gaba ko baya.

Sanarwar da za ka yarda da ita ita ce wadda ka ji a rediyo daga bakin kwamitin shirya bikin ko jami'an gwamnatin jihar. Hoton gayyata da ke yawo a WhatsApp sau da yawa na wata shekarar ne aka sake turowa. Ko ka ji sanarwar, ka sake bincikawa saura mako ɗaya, domin ɗage rana ba baƙon abu ba ne, musamman idan ana jiran wani babban baƙo daga Abuja.

Masauki kafin kuɗin mota

Argungu ba babban birni ba ne, ɗakunan baƙinta kaɗan ne, kuma a makon biki jami'an gwamnati da 'yan jarida da tawagogin sarakuna sun riga kowa. Wurin kwana uku ne gare ka. Na farko cikin garin, a gidan ɗan'uwa ko aboki ko wanda aka haɗa ka da shi. Wannan ya fi kowanne, don da ƙafa ko a babur za ka isa bakin ruwa. Na biyu Birnin Kebbi, mai nisan kilomita hamsin da 'yan kai, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba in hanya a sake take. Na uku Sakkwato, kimanin kilomita 100, inda otal ya fi yawa amma sai ka riƙa tashi da asuba.

In otal za ka kama, kama shi saura mako uku ko huɗu. Biya kuɗin kwana ɗaya, a turo maka rasit mai ɗauke da ranakun da lambar ɗaki, ka kuma kira ranar da za ka taso. Abin da ke faruwa shi ne mutum ya yi magana da baki kawai, wani ya zo da tsabar kuɗi ninki biyu, a miƙa masa makulli. Tambayi abu biyu tun a waya: ƙarfe nawa ake tayar da janareta a kashe, kuma akwai ruwa a banɗaki ko da bokiti ake kawowa. In kuma gidan mutane za ka sauka, kada ka je hannu rabbana. Turmin atamfa daga Kantin Kwari don uwargida, ko hula da turare don maigida, sun isa. Ka kuma sani ba kai kaɗai ne baƙonsu ba a wannan mako, mai yiwuwa a zaure za ka kwana tare da wasu, don haka tabarmarka da gidan sauronka suna cikin kaya.

Hanya

Mai motar kansa zai fita ta Kabuga, ya bi titin Gwarzo ya wuce Rijiyar Zaki da Janguza, ya ratsa Gwarzo da Dayi da Malumfashi zuwa Funtuwa. Akwai masu zagayawa ta Zariya su ɓullo Funtuwa, ya fi nisa amma wasu direbobi sun fi son sa idan wancan titin ya lalace. Daga Funtuwa sai Tsafe, Kwatarkwashi, Gusau, Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara, Tureta, Dange, har Sakkwato. Daga Sakkwato a ɗauki hanyar Boɗinga, a karkata yamma ta yankin Yabo zuwa Argungu.

Kano zuwa Sakkwato awa 8 zuwa 10 ne a mota, idan aka haɗa da shingayen bincike, ramuka, cin abinci da salla. Kada ka yi ƙoƙarin haɗe tafiyar duka a yini ɗaya. Ka kwana a Sakkwato, washegari ka ƙarasa cikin awa biyu ko ƙasa da haka.

Dalilin raba tafiyar ba gajiya kaɗai ba ce. Tsakanin Funtuwa da Gusau, da kuma Gusau zuwa Tureta, hanya ce da ta sha fama da 'yan bindiga, kuma kowa ya san haka. Ka'idar da direbobin wannan layi ke bi ita ce a ratsa yankin da rana tsaka, ba da sassafe can ba, ba kuma bayan la'asar sakaliya ba. Idan ka bar Kano ƙarfe 6:30 na safe, za ka kasance a Funtuwa wajen 9:30 zuwa 10, Gusau wajen azahar ko kafin nan, Sakkwato kafin magariba da sauran rana. Idan mota ta ɓata maka lokaci har ƙarfe 3 ta same ka ba ka bar Gusau ba, nemi ɗaki a nan ka kwana. A Funtuwa ka tsaya a tasha ka tambayi direbobin da suka taso daga Gusau da safen nan yadda hanya take. Labarinsu ya fi na waya sabunta. Idan kana tafe ka ga motoci sun daina zuwa daga gabanka na tsawon mintuna, rage gudu ka tsaya a gari na gaba inda sauran motoci suka tsaya. Kada ka tsaya fitsari ko canjin direba a daji. A yi komai cikin gari.

Motar a kai ta wurin bakanike saura kwana uku, ba ana gobe tafiya ba, domin duk abin da aka taɓa yana bukatar a yi yawo da shi cikin gari a ga ko ya zauna. A duba birki, lagireto, fambel da baƙin mai. Taya ita ce babbar matsala a wannan lokaci: kwalta ta yi zafi, tsohuwar taya ko wadda aka cika wa iska fiye da ƙima sai ta fashe. A sa iska daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, da safe kafin taya ta ɗumama. Safaya ta zama mai iska, jak da abin kwance taya suna nan, da jarkar ruwa lita 10 don lagireto. Lissafin mai kuwa mai sauƙi ne: motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta ci lita 60 zuwa 65 a zuwa, haka a dawowa, ka ƙara lita 20 na zirga-zirga tsakanin masauki da wurin biki. Cika tanki a Kano, ka ƙara a Gusau, ka sake cikawa a Sakkwato. A Argungu layin mai na makon biki zai ci maka lokacin kallo. Lasisin tuƙi, takardun mota, inshora da abin kashe gobara su kasance inda hannu zai kai, don jiha biyar za ka taka, Kano, Katsina, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, kowacce da masu tsayar da ita.

Mai motar haya ya je tasha ana gobe tafiya, Ƙofar Ruwa ko Unguwa Uku, ya tambayi 'yan kamasho motar Sakkwato ta farko da lokacin da take lodi. Motar farko ake nema. Ta biyu tana iya kaiwa ƙarfe 10 ba ta cika ba, kuma lissafin da aka yi a sama ya rushe ke nan. In ku huɗu ne ko biyar, shatar ƙaramar mota ta fi, amma a yi ciniki a fili: wa zai sayi mai, wa zai biya wa direba wurin kwana da abinci, kwana nawa zai jira. Daga Sakkwato motocin Argungu da Birnin Kebbi ba sa yankewa da rana.

Akwai jirgin sama ga mai hali. Filin jirgin Sultan Abubakar III yana Sakkwato, na Sir Ahmadu Bello kuma yana Ambursa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Daga filin Malam Aminu Kano galibi sai an bi ta Abuja, kuma kujeru na ƙarewa da wuri a wannan mako.

Wani abu da matafiya kan manta: nisan ya wuce na ƙasaru nesa ba kusa ba, amma a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya zai cika salla. Lissafa kwanakinka tun daga gida.

Abin da za a zuba a jaka

Zafin Kabi a ƙarshen Fabrairu da Maris ya fi na Kano, rana kan kusanci digiri 40, amma da asuba bakin ruwa akwai sanyi-sanyi, wani lokaci da sauran hazo. Kaya marasa nauyi na auduga, malafa ko lema, da takunkumi saboda ƙura. Babbar riga da farar shadda a bar su don ranar gaisuwa a fada. Bakin gulbi laka ce da turmutsutsu, takalmin da ya dace shi ne na roba mai maɗauri a dunduniya, irin wanda ake samu a Ƙofar Wambai. Silifas laka za ta riƙe shi, ka fita da ƙafa ɗaya.

Kuɗi a riƙe tsaba, ƙananan takardu na 200 da 500 da yawa. Idan jama'a suka taru, layin waya yana cushewa, tura kuɗi ya ƙi tafiya, masu POS su ƙara caji ko kuɗinsu ya ƙare. Raba kuɗin gida uku: na kashewa a aljihun gaba, na komawa gida a ɗaure a jiki, saura a masauki. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka, wanda za ka samu a Farm Centre ko titin Beirut, a gwada shi a gida ya cika waya sau biyu kafin a yarda da shi. Sai leda mai zif da za a saka wayar, katin shaida, maganin da kake sha kullum wanda zai kai mako guda, maganin sauro na shafawa, da ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyar ko shida.

Kwanakin farko a garin

Idan babban kamun zai kasance Asabar, kamar yadda aka yi a 2020, to ka bar Kano Laraba, ka kwana Sakkwato, ka shiga Argungu safiyar Alhamis. Yammacin Laraba in ka iso da wuri ka iya ziyartar Hubbaren Shehu. Masu zuwa safiyar Asabar kawai su ne ke komawa suna cewa ba su ga komai ba sai ƙeyar mutane.

Fara da Gidan Tarihi na Kanta, kusa da kasuwa. Wanda ya san Gidan Makama zai gane tsarin: tsohuwar fada ce aka mayar ma'ajiyar kayan tarihi. Ginin na 1831 ne, sarakunan Kabi sun zauna a cikinsa har 1942, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1958. Akwai makamai, tambura, layu, kayan su na dā, da kaburburan sarakuna, don haka a shiga da ladabi, a tambaya kafin a ɗaga waya. An sa masa sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame. Ka ba wurin awa ɗaya da rabi, ka sallami wanda ya zagaya da kai.

Sanin wannan tarihi yana gyara maka baki a cikin gari. Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, amma Kabawa suka ci gaba da yaƙi da Sakkwato da Gwandu shekaru da dama daga Argungu. Bikin a sifarsa ta yanzu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya masa babban su don karramawa, ziyarar ta zama alamar an binne tsohuwar gaba. Su ɗin kansa da al'adun ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, wato al'adun tsarkake ruwa da buɗe lokacin su, sun girmi wannan shekara da nisa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sarautar garin Sarkin Kabi ake ce mata, kuma Alhaji Sama'ila Muhammad Mera ne ya hau ta a 1996. Bakano mai son barkwanci ya riƙe harshensa a kan wa ya ci wa da yaƙi. Ba kowane wasa ne ke tafiya a garin mutane ba.

Harshen ma sai ka saurara da kyau kwana ɗaya kafin kunne ya saba. Kifi kihi ne, tafi tahi, lafiya lahiya, fura hura. Za a ce maka "mi kake so", a ce "shina nan", a ce "wanga" da "wagga". Ɗan acaɓa kabu-kabu ne. Za ka ji Zabarmanci da Fulatanci a kasuwa, domin mutanen Nijar na shigowa da yawa. Kada ka kwaikwayi maganarsu don dariya, su ma taka ba ta rasa abin dariya a kunnensu.

Jadawalin kwanakin yana canzawa daga shekara zuwa shekara, amma ba a rasa baje kolin amfanin gona, dambe, kokawa da kaɗe-kaɗe da dare. Nemi takardar jadawalin a ranar da ka iso. Abin da bai kamata ya wuce ka ba shi ne Kabanci, wasannin ruwa da ake yi kafin babbar rana: tseren kwale-kwale, kamun kifi da hannu tsirara ba koma ba ƙugiya, kamun agwagwar ruwa, nutso, da ninƙaya. Ga mai son ganin gwanintar Sarkawa, wato masuntan gado, da idonsa, Kabanci ya fi babban kamun daɗin kallo, domin mutane ba su kai yawan na ranar ƙarshe ba, kuma ana ganin abin da kowane ɗan wasa ke yi.

Ranar Matan Fada

Ana gobe babban kamun ka je ka ga wurin, ka zaɓi inda za ka tsaya, ka gane hanyar fita. Wannan yanki na gulbin an hana su a cikinsa duk shekara, shi ya sa kifin ke samun girma. Sarkin Ruwa ne ke kula da ruwan, shi ke yin abin da aka gada kafin a shiga, kuma mutanen garin sun yarda cewa aikinsa ne ke sa kada ba ya taɓa kowa a ranar. Homa kuma shi ne shugaban masunta.

Mai kwana a Argungu ya kasance a bakin ruwa ƙarfe 7. Mai kwana a Birnin Kebbi ya taso da an sallame asuba, na Sakkwato ma haka, ya sani kuma shi ne a baya. Ana rufe wasu tituna saboda ayarin manyan baƙi, kuma da zarar an rufe, babu roƙon da zai buɗe su. Ajiye mota nesa, ta fuskanci hanyar fita, a wurin da ba za a toshe ta ba, ka ƙarasa da ƙafa. Tafiyar minti 20 da safe ta fi zaman awa uku a cikin mota da rana.

Kada ka yarda da lokacin da aka rubuta a jadawali. Bisa tsari, sai manyan baƙi sun zauna an yi jawabai sannan a harba bindiga. Amma masunta sun tsaya a rana tun safe, kowa da komarsa da gorarsa, kuma ya sha faruwa su ƙosa su ruga ruwa kafin a ba da izini. Idan mutum ɗari suka motsa, babu mai tsayar da sauran. Wanda ya tafi neman shayi a wannan lokaci ya yi asara.

Rumfar manyan baƙi sai da katin gayyata. Sauran jama'a a gaɓa suke tsayawa. Nemi tudu, ka bar taku biyar ko shida tsakaninka da ruwa, domin turawa daga baya take zuwa, kuma gaɓar tana da santsi. Kada ka tsaya a fagen da masunta suka yi sahu ko a hanyar da za su bi da gudu; sandunan komarsu ba sa ganin ido. Ka kuma duba inda rana za ta kasance da hantsi, ka sa ta a bayanka in kana son hoto.

Ga abin da za ka lura da shi idan an shiga. Kowane masunci yana da koma, wadda a can ake ce wa homa, raga ce a kan lanƙwasassun sanduna, yawanci biyu, ɗaya a kowane hannu, a nutsa da su a haɗe bakinsu a ƙarƙashin ruwa. Babbar gorar nan mai baki a sama aiki biyu take yi: a kwanta a kanta a yi iyo inda ruwa ya yi zurfi, a kuma jefa ƙananan kifi a ciki. Makaɗa na zagayawa a kwale-kwale. Hayaniya da tattaka ruwa ke ruɗa kifin ya rasa mafaka. Ƙananan da ake ta kamawa, tarwaɗa da karfasa da balli, na miya ne da na sayarwa. Wanda ake nema shi ne giwan ruwa. Idan ka ga mutane sun taru a wuri ɗaya cikin ruwa ana ihu, an same ta ke nan, za a zura mata igiya ta baki a fito da ita, wani lokaci mutum uku ko huɗu ke ɗauka. Kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, wato ya ɗara buhun shinkafa ɗaya da rabi. Na 2005 kilo 75. Alƙalai na duba kifi da kyau, domin a 2008 an karɓe kyauta daga wanda aka fara bai wa bayan an gano kifin ba a ruwan aka kama shi a ranar ba. Kyaututtukan sun haɗa da kuɗi, mota da kujerar Makka.

Baƙo kada ya shiga ruwan, ko ya iya iyo a Tiga ko Challawa. Akwai ramuka, akwai mutane a kan mutane, akwai kurungu mai ƙaya da minjirya mai girgiza jiki, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwa.

Wurin ma'auni ne 'yan sane suka fi samun kasuwa, don kowa ya ɗaga hannu da waya, aljihu a buɗe. Masu zuwa da iyali su ajiye wurin haɗuwa tun da safe, bishiya ko gini da kowa zai gane, da lokaci, domin waya ba za ta shiga ba. Yaro a rubuta sunan mahaifinsa da lambar waya a takarda a sa masa a aljihu. Yaron da bai kai shekara bakwai ba, da tsoho, da mai juna biyu, Kabanci ya ishe su. Ranar ƙarshe ba tasu ba ce.

Ci da sha

Ruwa lita uku zuwa huɗu ga kowane babba a yini, kuma a riƙa kurɓa tun kafin ƙishirwa. Jiri, ciwon kai da fitsari ja-ja alamar rana ta fara cin mutum ne: a kai shi inuwa, a jiƙa masa kai, a ba shi ruwan gishiri da sukari. In na kemis ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Lokacin kuma na sanƙarau ne, don haka kada a cunkushe a ɗaki a rufe taga, kuma zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya asibiti ake kai shi nan take.

Kifi kuwa za ka ci har ka gaji, soyayye da gasasshe da farfesu, ga tuwon shinkafa, don Argungu ƙasar fadama ce da shinkafa. Sayi wanda aka tsamo daga mai a gabanka. Wanda aka jera a faranti tun safe ƙuda da ƙura sun riga ka.

Tsaraba da komawa

Ɗanyen kifi yana da arha bayan an fito daga ruwa, amma Kano da nisa. In dole sai ka saya, duba ƙarƙashin kunnensa ya zama ja, ido garau, tsoka ta dawo idan ka danna. A fede shi nan take a cire kayan ciki, a wanke da ruwa mai tsabta, a jera a kula da ƙanƙara kilo ɗaya ga kowane kilo ɗaya na kifi, ƙanƙara a ƙasa da sama, a kuma sake sabuwa a Sakkwato da Gusau. Wanda ba shi da kula ya haƙura. A cikin but ɗin mota a wannan zafi, awa huɗu sun isa su lalata shi.

Banda ta fi dacewa da matafiyi. Karya ɗaya ka gani: cikinta ya bushe ƙayau, babu danshi, babu gari-gari ko ƙananan ramuka na ƙwari. Shinshina, ƙamshin hayaƙi kawai ake so. In ka ji warin fiya-fiya ko kananzir, ajiye ta, an yi mata feshi ne. A zuba ta a kwali ko kwando da takarda, kada a ɗaure a leda, gumi zai sa ta yi fumfuna kafin ka wuce Funtuwa. Da ka isa gida a shanya ta yini ɗaya. In kana son sanin ko an yi maka sauƙi, leƙa kasuwar kifi ta Galadima kafin ka taso ka ji farashin Kano, domin a ranar biki baƙo ake sayar wa. Shinkafa 'yar gida ma tsaraba ce mai kyau, a ɗebo daga tsakiyar buhu a duba tsakuwa.

Kada ka bi sahun masu fita da an gama aune. Ka yi azahar, ka ci abinci, ka bar ayarin manya su wuce, ka tashi wajen ƙarfe 3 ka isa Sakkwato da rana. Kwana a can. Washegari ka bar Sakkwato wajen ƙarfe 7:30, yadda za ka ratsa Talatar Mafara da Gusau da hantsi zuwa azahar, ka wuce Tsafe rana na sama, ka shigo ta Kabuga kafin magariba.